An mayar da ɗana lamba huɗu, shin yana da makoma a ƙwallon sana'a?

Wani magidanci daga unguwar Mabera a cikin garin Sakkwato ya aiko da tambaya kamar haka: "Ɗana yana da shekara 16, kuma tun yana ƙarami a gaba yake buga ƙwallo. Bana kocinsu ya janye shi ya mayar da shi lamba huɗu, a gaban masu tsaron baya. Yaron ya ɗauki abin a matsayin rage masa daraja, har yana maganar barin ƙungiyar. Shin mai buga wannan wuri yana da makoma a ƙwallon sana'a, kuma yaya rayuwarsa take tafiya daga farko har zuwa ritaya?"

Malam, Allah ya raya mana shi, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya bincike kafin ka yanke hukunci. Na shafe shekaru masu yawa ina horar da yara a filayen wannan gari, kuma ban taɓa mayar da yaro lamba huɗu ya yi murna a ranar ba. Amsar tambayarka ita ce e, yana da makoma, kuma a ganina makomar mai buga wannan wuri ta fi ta ɗan gaba tsawon rai. Sai dai abincinsa ba ya nuna da wuri. Duk abin da zan faɗa maka a nan yana komawa ne ga wannan magana guda, cewa lamba huɗu wuri ne da ake gane darajarsa a makare, kuma wanda ba shi da haƙurin jira ba zai ci moriyarsa ba.

A filayenmu muna cewa lamba huɗu, ko kuma "fo" a bakin yara, amma a yawancin ƙasashen Turai kamar Jamus da Holan lamba shida suke kiransa, don haka kada yaron ya ruɗe idan ya ji masu sharhi suna faɗin haka. Aikinsa ya kasu biyu, kuma ba a raba su. Idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya, shi ne ke tsare filin da ke tsakanin masu tsaron baya da sauran 'yan tsakiya, wanda shi ne wuri mafi haɗari a fili, domin duk ɗan wasan da ya karɓi ƙwallo a nan ya juya yana fuskantar raga, to masu tsaron baya sun shiga uku: idan sun fito sun bar rami a bayansu, idan sun tsaya sun ba shi damar dukan ƙwallo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin lamba huɗu shi ne hana bangon tsagewa. Idan kuwa ƙwallo ta dawo hannun ƙungiyarsa, shi ne mutum na farko da mai tsaron raga da masu tsaron baya ke nema, yana karɓarta ne bayansa na kallon abokan hamayya, ana matsa masa daga inda ba ya gani, kuma idan ya yi sake aka ƙwace a nan, babu kowa tsakanin maharin da raga sai mutum biyu. Ɗan gaba yana iya ɓarar da dama tara ya ci ta goma a ɗauke shi a kafaɗa. Lamba huɗu zai yi daidai sau sittin, kuskure ɗaya kuma shi za a tafi da shi gida ana magana.

Saboda haka ne koci mai hankali ba ya ajiye yaro a wannan wuri don ya raina shi. Wanda ya fi amincewa da kansa yake ajiyewa. Kuskuren da ya yi yawa a wasannin unguwa shi ne a ɗauka lamba huɗu wurin ƙato ne mai ƙarfin ƙafa, wanda zai yi ta shara yana kayar da mutane, jama'a suna ihu. Irin wannan yaro yana yin suna a unguwa, amma ba ya wuce nan, domin duk lokacin da ka ga ya kwanta ƙasa yana shara, yawanci alama ce ta cewa tun farko bai tsaya inda ya kamata ba. Abin da ƙwararrun masu horarwa ke dubawa shi ne ko yaro yana waiwaye kafin ƙwallo ta iso gare shi, ko yana karɓarta da jikinsa a buɗe ta yadda zai ga fili, ko taɓawarsa ta farko tana kai ƙwallon inda babu mutum, ko yana iya ba da fasi da ƙafar da bai saba bugawa da ita ba, kuma ko yana magana da abokan wasansa yana tsara su. Ƙarfi da gudu suna da muhimmanci, don ɗan tsakiya a manyan gasa yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma waɗannan ana iya gina su a atisaye cikin 'yan watanni. Karanta wasa kuwa shekaru yake ci.

A nan ma ina ganin yaranmu na Sakkwato suna da wata riba da ba su sani ba. Wanda ya koyi tare ƙwallo a filin rairayi da tsakuwa, inda take tsalle ta kauce ba gaira ba dalili, ranar da ya taka ciyawa mai laushi zai ji kamar an sauke masa kaya. Haka kuma wanda ya saba atisaye a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ya koyi tattalin numfashinsa tun yana ƙarami. Illar filayen namu ita ce suna koya wa yaro jefa ƙwallo sama da nisa don gudun kuskure, alhali lamba huɗu na zamani a ƙasa yake wasa. Wannan sai koci ya dage a kansa.

Game da ko akwai daraja da kuɗi a wurin, tarihin shekaru ashirin da suka wuce ya isa amsa. A 2003 Real Madrid ta sayar da Claude Makélélé ga Chelsea, tana ganin ba ya cin ƙwallo, ba ya yanka, kuma ba ya jawo 'yan kallo. A shekarar ce ta ci gasar Sifaniya, kuma ba ta sake cin ta ba sai 2007 duk da taurarin da ta tara. Chelsea kuwa ta ci gasar Firimiya ta Ingila a 2005, karon farko cikin shekara 50, kuma ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38. Har yau a Ingila ana kiran wannan wuri da sunan Makélélé. A 2023 Arsenal ta sayi Declan Rice a kan kimanin fam miliyan 105, Chelsea kuma ta sayi Moisés Caicedo a kan kimanin fam miliyan 115, dukansu masu tsare tsakiya ne. A 2024 Rodri na Manchester City ya karɓi kyautar Ballon d'Or, ta gwarzon ɗan ƙwallon duniya. A watan Satumba na wannan shekarar jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Arsenal, kuma ƙungiyar da ta ci gasar sau huɗu a jere ta shiga tangal-tangal har kofin ya suɓuce mata.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan. A kofin duniya na 2014 a Brazil, Najeriya ta riƙe Faransa babu ci har kusan awa guda, Ogenyi Onazi yana tsare tsakiya. Da Blaise Matuidi ya taka shi aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata, sai tsakiyarmu ta buɗe, aka zura mana biyu a ƙarshen wasa. Da yawa daga cikin masu kallo ba su lura da aikin da yake yi ba sai da ya fita.

Ka gaya wa ɗanka labarin John Obi Mikel, domin shi ne ya fi kama da nasa. An haife shi a Jos a 1987, kuma a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005, a matsayin mai shirya hari ya buga, har aka zaɓe shi na biyu a gwanaye, bayan Lionel Messi. Da ya isa Chelsea a 2006, José Mourinho ya janye shi baya. Har gobe akwai 'yan Najeriya da ke ganin an danne masa basira, kuma ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ba, don wanda ya ga wasansa na 2005 ya san abin da aka rasa. Amma mu dubi abin da aka samu. Ya yi fiye da shekara goma a ƙungiyar da ke sauya koci da 'yan wasa kusan kowace kaka, ya buga mata wasa fiye da 370 da ƙwallo 6 kawai, ya ci gasar Firimiya sau biyu, ya ci kofin zakarun Turai a 2012, ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya kuma jagoranci ƙasar zuwa kofin duniya na 2018. 'Yan gaba nawa ne masu tsada suka zo Chelsea suka tafi yana nan? Shi kuma Wilfred Ndidi ta ɗaya ɓangaren ya shigo, domin a matsayin mai tsaron baya ya tashi a makarantar ƙwallo ta Nath Boys da ke Legas, sai a Genk ta Beljiyam aka tura shi tsakiya, daga nan Leicester ta saye shi a farkon 2017. Kaɗan ne ake haifa a lamba huɗu. Yawancinsu wani koci ne ya hango wani abu a tare da su ya kawo su.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Shehu Abdullahi, haifaffen garin nan a 1993. Ya yi suna a Kano Pillars a zamanin da take cin gasar Najeriya a jere, daga nan ya tafi Qadsia ta Kuwait, sai União da Madeira ta Fotugal, sai Anorthosis ta Saifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya, sai Omonia inda ya ci gasar Saifurus a 2021, sai Levski Sofia ta Bulgeriya. Ya samu lambar tagulla da Najeriya a wasannin Olamfik na Rio a 2016, kuma ya buga wasan farko na kofin duniya na 2018 da Kuroshiya. Na jero waɗannan sunaye ne da gangan, domin wannan ita ce ainihin surar rayuwar ƙwararren ɗan ƙwallo, kuma ta fi ta Mikel yawa nesa ba kusa ba: kwantiragin shekara biyu nan, uku can, sabon harshe, sabon abinci, azumi a ƙasar da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, iyali suna nesa. Akwai kuma darasi na biyu a cikinta. Shehu yana buga tsakiya, yana kuma buga lamba biyu, wato tsaron baya ta gefen dama, kuma ta wannan ƙofa ta biyu ya fi samun shiga babbar tawagar ƙasa. Mai tsare tsakiya da ya fahimci wasa yana iya cike gurbi biyu ko uku, koci kuwa idan zai zaɓi tawagar da zai tafi gasa da ita ba ya barin irin wannan a gida.

Yanzu ga matakalar da ɗanka zai taka. Daga ƙungiyar unguwa sai ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, sai gasar NLO, wadda ita ce rukuni na uku a ƙasa, sai gasar NNL, wadda ita ce rukuni na biyu, sannan babbar gasa ta NPFL mai ƙungiyoyi 20. A gida muna da Sokoto United da filin wasa na Giginya, amma gaskiyar magana ita ce masu farautar 'yan wasa ba su cika zuwa nan ba, kuma duk yaron da ya yi fice sai ya yi tafiya, ko Kano ko Katsina ko Kaduna ko Jos ko Abuja ko Legas. Wahalar lamba huɗu a wannan mataki ta fi ta kowa. Gwajin kwana biyu da ake tara yara ɗari a ba kowa minti ashirin an yi shi ne don ɗan gaba mai gudu da mai yanka, kuma faifan bidiyo na minti uku ba ya nuna fasin ɗin da mutum ya hana a bayar saboda ya tsaya a daidai wurin. Shi sai an kalle shi wasa biyar ko goma cikakku. Don haka shawarata ita ce ya fi mayar da hankali ga samun ƙungiyar da zai buga mata kaka guda cur, mako bayan mako, a kan yawon gwaji gari-gari. Kuma idan za a ɗauki bidiyonsa, a ɗauki wasan gaba ɗaya daga wuri mai tudu inda ake ganin fili duka.

Batun rajista kada ka yi wasa da shi. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai idan akwai shaidar rajista. Wannan yana sa ƙungiyar da ta rene shi ta zama mai son ci gabansa. Haka nan dokar ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan da ba su shafi ɗanka ba. Saboda haka duk wanda ya zo maka yau ya ce zai kai shi Turai yana ɗan shekara 16, ka kawo kuɗin biza da na jirgi, ka sallame shi. Na ga uban da ya sayar da gonarsa ta fadama saboda irin wannan alkawari, yaron ya ƙare a wani ɗaki a wata ƙasar Arewacin Afirka tare da wasu yara da dama, babu ƙungiya babu fasfo a hannunsa, sai da dangi suka yi karo-karo aka dawo da shi, kuma bai sake komawa fili ba. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata, ita ke biyan jirgi. Dillalin gaskiya yana da lasisin FIFA da za a iya tantancewa, kuma ladansa yana fitowa ne bayan an sa hannu.

Kada kuma ka yarda a rage masa shekaru. Ban da cewa ƙarya ce, kuma tun 2009 ana yin hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, shi wannan wuri ba ya bukatar haka. N'Golo Kanté, wanda iyayensa 'yan Mali ne, yana da shekara 21 yana buga rukuni na uku a Faransa tare da Boulogne. Yana da 24 ya isa Leicester a 2015, ya ci gasar Firimiya da ita a 2016, ya sake ci da Chelsea a 2017, ya ci kofin duniya a 2018. Tsawonsa bai kai mita 1.70 ba. Ɗan gaba mai dogaro da gudu yakan fara raguwa da zarar ya doshi talatin, amma mai tsare tsakiya yawanci tsakanin shekara 25 da 31 yake kai ƙololuwa, saboda a lokacin ne idonsa ya ga isassun wasanni, ƙafarsa kuma ba ta gaji ba tukuna.

Idan Allah ya sa ya kai ga sa hannu, a nemi wanda ya san doka ya karanta takardar, a kuma riƙe kwafi a gida. Jinkirin albashi tsohuwar cuta ce a ƙwallonmu, kuma ba a Najeriya kaɗai ba. Dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar warware kwantiragi idan an riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba ƙungiyar wa'adin kwana 15 a rubuce, amma wanda ba shi da takarda ba shi da abin kai ƙara.

Abubuwa biyu ne suka fi yanke wa masu buga wannan wuri sana'a: fushi da rauni. Lamba huɗu yana yin ƙeta, wani lokaci ma dole ce, idan hari ya taso kuma babu kowa a baya. Gwani yana sanin wace ƙeta ce ta cancanci katin gargaɗi, yana yin ta nesa da ragarsa, kuma da zarar an ba shi kati ɗaya yana sauya salon wasansa har a tashi. Abokan hamayya sun san shi ne ginshiƙi, don haka shi za su yi ta tsokana. Sani Kaita ɗan Kano gwani ne na gaske, wanda ya samu azurfa da Najeriya a gasar 2005 da kuma Olamfik na Beijin a 2008. Amma a kofin duniya na 2010, Najeriya tana gaban Girka da ci ɗaya, ya kai wa ɗan wasansu ƙafa a bakin layi bayan ƙwallo ta fita, aka ba shi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, aka ci mu 2 da 1. Ina jin zafin yadda mutane suka manta da duk alherinsa saboda daƙiƙa ɗaya, kuma ina ba yarana labarin ne don su san nauyin da ke kansu. Idan ɗanka mai saurin hasala ne, wannan ne abin da za ku fara yi wa magani a gida, tun kafin koci.

Rauni kuwa yana zuwa ne a gwiwa da idon sawu da matsematsi, saboda yawan juyi da karo. Tsinkewar jijiyar gwiwa tana cin wata shida zuwa tara, wani lokaci fiye. Abin da na fi gani yana lalata yaranmu shi ne a kai ciwon jijiya wurin mai ɗori a yi ta murza, ko a sha maganin kashe zafi a koma fili bayan mako biyu. Gwiwar da ta kumbura bayan an ji ta yi ƙara, asibiti ake kai ta a yi hoto.

Idan shekaru suka ja, mai tsare tsakiya yakan koma tsaron baya ya ƙara kaka biyu ko uku, sannan ƙofar horarwa ta fi buɗe masa, domin ya shafe rayuwarsa yana kallon fili gaba ɗaya yana tsara mutane. Didier Deschamps ya ɗaga kofin duniya a matsayin kyaftin a 1998, ya sake ɗaga shi a matsayin koci a 2018. Pep Guardiola wannan wuri ya buga a Barcelona. Aliou Cissé, wanda ya kawo wa Senegal kofin Afirka na farko a 2022, shi ma ya buga shi, haka nan Sunday Oliseh, mai ƙwallon nan da ta kayar da Sifaniya a 1998, wanda ya horar da Najeriya daga 2015 zuwa 2016. Amma takardun horarwa karatu ne da jarrabawa, kuma mafi yawan yaran da ke buga ƙwallo a garin nan, ko wane wuri suke bugawa, ba za su ci abinci da ita ba. Don haka kada ƙwallo ta raba shi da makaranta, ta boko da ta allo. Rodri ya yi karatun jami'a yana buga gasar Sifaniya, Ndidi ma ya shiga jami'ar De Montfort yana buga wa Leicester, ba wanda karatun ya rage wa komai.

Kafin ku yanke shawarar barin ƙungiyar, ka ɗauki yaron ku je wurin kocin, ka roƙe shi ya faɗi dalilinsa a gaban yaron. Idan ya ce ya mayar da shi baya ne don babu wani, ko don yana da jiki, to kana da hujjar neman wani wuri. Idan kuwa ya ce ya ga yana ganin fili, yana da natsuwa, kuma abokansa suna jin maganarsa, ka ce ya zauna ya ba wurin kaka guda. Sannan ranar wasansu na gaba ka je da kanka, ka sami gefe ka tsaya, ka bar kallon ƙwallo na minti goma sha biyar ka kalli ɗanka kaɗai. Ka ƙirga sau nawa yake juya kansa ya dubi bayansa kafin a ba shi ƙwallo, ka kuma lura da inda yake tsayawa lokacin da 'yan uwansa suka tafi kai hari. Abin da ka gani ka rubuto mini, sai mu san atisayen da ya kamata ya fara da shi.